Ruwan da Babu Tsallake

Butalbagar zuwa Kusuri

Muna idar da sallar asuba ranar Litinin, ƙarfe biyar da minti goma, muka fito daga gidanmu na unguwar Butalbagar a Njamena mu uku: ni, da mahaifina Alhaji Garba, da mahaifiyata da muke kira Inna. Taksin da na ɗauka shata tun jiya yana jira a bakin layi. Inna ta riƙe gefen rigata, domin a irin wannan duhu-duhun ko tafin hannunta ba ta gani.

Teku za mu kai ta. Inna 'yar masunta ce, a Waliya bakin kogi ta tashi, kuma tun muna yara take cewa duk ruwan da ta sani a duniya, in ka ɗaga kai sai ka hango matan tsallake suna wanki. Burinta ta ga ruwan da babu tsallake. Likita kuwa ya gaya mana hawan jinin ido ya riga ya cinye idonta na dama, na hagun ma saura kaɗan, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Bai ba mu shekara ba, watanni ya ce.

Mun haye gadar Shari gari bai gama wayewa ba, muka ratsa Waliya, muka isa iyakar Kamaru a Ngeli ƙarfe shida da rabi. Ba a buɗe ba tukuna. Muka zauna a benci wajen mai shayi, kuma a wannan zaman ne zan gaya muku dalilin da ya sa tsofaffi biyu suka kama hanyar mota ta kwana uku.

Shekara biyu da suka wuce, Baba ya yi kasuwa mai kyau. Dillalin shanu ne, shekara arba'in yana saya wa mahautan Njamena. Sai ya je wani ajans na tafiye-tafiye a cikin gari ya biya musu su biyu sefa miliyan uku: Umara, sannan kwana uku a cikin babban jirgin ruwa na shaƙatawa da ke tashi daga Jidda. A lokacin Inna tana iya zura zare a allura. Ta ɗinka kaya, ta zaga dangi ta yi sallama. Saura mako biyu aka kira mu aka ce an janye jirgin daga wannan hanya, an soke tafiyar rukunin gaba ɗaya. Aka ba Baba takarda cewa kuɗinsa na nan, ya dawo in an buɗe wata.

Bayan wata biyar aka buɗe, ni na raka shi. Yarinyar da ke teburin ta duba kwamfuta ta ce farashi ya tashi, sai ya cika jaka ɗari huɗu. Jaka a wajenmu sefa dubu ce. Baba ya gyara zama ya ce ai ciniki ya riga ya faɗa, an sallama masa, kuma a kara mutumin da ya sallama sa ba ya dawowa ya ce kuɗin ya ƙaru, ko da san ya yi ƙiba a hanya. Ta ce ita ba ta da iko. Ya taya jaka ɗari. Ta ce ba a tayawa. Sai ya miƙe ya nufi ƙofa a hankali, ya tsaya a bakin ƙofar yana gyara takalmin da babu abin da ya same shi. Na san wannan tafiyar tun ina yaro. Da ita ya sayi dubban shanu, domin kafin ya yi taku goma mai sa ya kan kira shi. Yarinyar ko kai ba ta ɗaga ba.

A hanya ya ce mini in zuba ido, za su kira. Kuɗin cikon yana aljihunsa a ranar, na gani da idona.

Da muka koma bayan wata huɗu, cikon ya zama miliyan ɗaya. Ya sake juya baya. Zuwa na uku, abin da ya biya wa mutum biyu bai isa na mutum ɗaya ba, wai kuɗin jirgin sama da na otal da na ɗaki a jirgin ruwa duk sun hau. A ƙarshe suka mayar masa da kuɗinsa bayan sun cire nasu, a makon da likita ya yi mana waccan magana. Ni na ce akwai teku a Kamaru wanda mota ke zuwa. Baba bai ce to ba, bai ce a'a ba, sai na sayi jakunkuna.

Ƙarfe bakwai da rabi aka buɗe. Aka duba katin shaida da katin rigakafi, muka haye Logon muka shiga Kusuri.

Kusuri zuwa Marwa

Motar Marwa jaka takwas-takwas ce kowane mutum. Kamasho ya ce kayanmu jaka biyu, nan Baba ya tsaya. Minti ashirin ana ja, ya juya baya har sau biyu, aka kira shi, aka daidaita a jaka ɗaya da rabi. Ya shigo mota fuskarsa a sake, ya dube ni. Na kau da kai. Gaskiya raina ya ɓaci ƙwarai, kuma da ba ubana ba ne da na faɗi abin da ke bakina.

Mun tashi ƙarfe tara. Kilomita wajen ɗari biyu da sittin ne, amma sai da muka yi awa tara, saboda ramuka da shingayen jandarmomi. Na ƙirga shinge bakwai, a uku daga ciki aka sauke kowa. Na ba Inna kujerar taga ta ɓangaren idonta mai gani. Da muka zo duwatsun Waza na ce ta duba, ta ce tana ganin wani abu baƙi ya tokare sama. Na ce shi ne. Duk awa shida nake ɗiga mata maganin ido, ko a bakin shinge ne.

A Marwa mun sauka gidan Malam Buba, wani mahauci abokin Baba. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuɓewa da nama zuƙu-zuƙu. Baba ya ba shi labarin ajans daga farko har ƙarshe, yana neman mai tayawa. Malam Buba ya saurara, sannan ya ce, "Alhaji, mai sa yana kiranka ne don yana tsoron komawa gida da sansa. Su waɗannan in ka fita, wani ne zai shigo." Baba ya ce ai zalunci zalunci ne. Inna daga cikin ɗaki ta ce a miƙo mata buta.

Marwa zuwa Gaundare

Talata ƙarfe shida muka kama babbar mota, jaka goma kowane mutum. Hanyar ta fi ta jiya. Mun isa Garwa da hantsi ya ɗaga, kilomita ɗari biyu da 'yan kai, muka sayi soyayyen kifi da burodi a tasha. Da za mu haye gadar Binuwai Inna ta ji ƙarar taya ta sauya, ta ce ruwa ne? Ta manna fuskarta a gilashi har muka gama hayewa.

"Wannan ma akwai tsallake," ta ce. "Ina ganin duhun itatuwa."

Ban taɓa jin daɗin magana kamar wannan ba. Na ce a raina in tana hango gaɓar Binuwai, to ba mu makara ba.

Mun hau tsaunin da ke gaban Gaundare da la'asar, mota na nishi, iska ta yi sanyi har Inna ta nemi mayafi na biyu. A garin muka tarar lokacin hutun makarantu ne. Ɗakin da wani abokina ya kwana bara a jaka takwas, yanzu sha biyar. Washegari a tashar jirgin ƙasa ma haka, ɗakin kwana mai gado huɗu ya ɗara abin da aka gaya mini a gida. Na biya da sauri kafin Baba ya iso tagar. Jirgi ya tashi bayan magariba, muka wayi gari cikin daji kore shar, muka sauka Yawunde ƙarfe goma na safiyar Alhamis.

Kiribi

Ba mu tsaya a Yawunde ba. Motar Kiribi ta tashi ƙarfe goma sha biyu, ta bi ta Edeya, muka isa ƙarfe biyar saura. Ko masauki ba mu nema ba, na ce wa mai taksi bakin ruwa.

Hadari ya rufe sama. Na riƙe hannun Inna muka taka yashi har inda igiyar ruwa ke kawowa. Ni kaina ban taɓa ganin abu mai girma haka ba. Na juya ta ta fuskanci ruwan, na jira. Ta daɗe tana kallo, tana karkata kai don idon hagun ya samu. Sannan ta tambaye ni ko bango ne a gabanmu, ita toka-toka kawai take gani daga sama har ƙasa. Na ce hadari ne, gobe rana za ta fito. Baba yana bayanmu da takalmansa a hannu.

Juma'a rana ta fito tas. Ƙarfe takwas muna bakin ruwa. Inna ta ce yanzu tana ganin ƙyalli, haske na motsi, amma ba ta iya raba inda ruwa ya ƙare da inda sama ta fara. Ta ce a shigar da ita ciki, ita 'yar masunta ce, in ta hau za ta gane.

Akwai masu kwalekwalen inji da ke zagawa da baƙi. Wani daga cikinsu ya dube mu, ya ga babbar riga da carbi, ya ce awa ɗaya jaka talatin. Kowa ya san kuɗin baƙi ne, mai masaukinmu ya riga ya gaya mini goma ake biya. Na buɗe baki zan taya, sai na ji hannun Baba a kafaɗata. Ya zaro kuɗi ya ƙirga talatin cif ya miƙa. Mai jirgin ya tsaya yana kallonsa, shi ma jira yake a ja. A shekaruna talatin da shida ban taɓa ganin Baba ya sayi ko goro a farashin farko ba.

Muka yi nisa har bishiyoyin kwakwa suka ƙanƙance a bayanmu. Inna ta ce a kashe inji. Ta sa hannu a ruwa, ta ɗebo ta kai baki, ta yamutsa fuska ta yi 'yar dariya. Ta ce wannan motsin ba na kogi ba ne, kogi gefe ɗaya yake ja, wannan kuwa daga ƙasa yake ɗaga mutum. Sai ta juya wajen da take jin numfashin Baba.

"Alhaji, kai da kake hango bijimi daga nesa ka faɗi nauyinsa, duba mini da kyau. Akwai tsallake?"

Baba ya miƙe tsaye a cikin kwalekwalen, mai jirgi na ce masa ya zauna. Ya sa hannu a goshi ya duba dama, ya duba hagu, ya daɗe.

"Babu, Hajiya. Babu komai sai ruwa."

"To alhamdu lillahi."

Ya zauna. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Kuɗin yana aljihuna ran nan. Da na ba yarinyar nan, da da idonki kika gani."

Inna ta ce ta sani, ai ita ta ɗinke masa aljihun. Ni na juya ina kallon injin, domin ban saba ganin hawayen ubana ba.

Komawa gida

Kwana biyu muka yi a Kiribi, muka biyo hanyar da muka zo. Farashi bai sauka ba, ramukan Waza ma suna nan. Abu ɗaya ya sauya: tun daga Yawunde Baba ya karɓi kwalbar maganin daga hannuna, shi ke duba agogo, shi ke ɗigawa. A Kusuri kamasho ya faɗi kuɗin kaya, Baba ya ja da shi kamar kullum, har na ji sanyi a raina.

Mun shiga Butalbagar ranar Laraba ƙarfe huɗu na yamma, kwana tara da fitarmu. Muna godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da Malam Buba da iyalinsa, da direbobin da suka yi haƙuri da tsayawarmu.

Kafin magariba tsakar gida ta cika da mata, har da 'yan'uwan Inna daga Waliya. Na kawo musu ruwan teku a gora suna ta ɗanɗanawa suna tofarwa. Ƙanwarta ta tambaye ta da gaske ne babu tsallake. Inna ta ce da gaske ne. Ta ce kin gani da idonki, Yaya?

"Alhaji ne ya duba mini," in ji Inna. "Shi kuwa bai taɓa kuskure a ido ba."

Baba yana zaure, yana jin su. Ya duba agogo, ya ɗauki kwalbar maganin, ya yi sallama ya shiga.