Kwalbar Wiebe Mai Gada

Wiebe Postma ya shekara talatin da huɗu yana ɗaga gadar garinsu jiragen ruwa suna wucewa, kuma ba wanda ya taɓa ganin ya yar da wani abu. Ganyen shayi sau biyu yake jiƙa shi. Matarsa, kafin ta rasu, takan ce da ana adana atishawa da Wiebe ya cika ɗaki.

Cikin dukiyarsa akwai wata kwalbar maganin tari da likita ya rubuta masa shekara shida baya, lokacin da santsin ƙanƙara ya kayar da shi ya karya haƙarƙari, ga tari ya hana shi sakat. Ya sha rabi, ya ɓoye sauran bayan gwangwanin sukari. Tun daga nan duk wanda ya yi tari a gabansa sai ya ji tarihinta.

Da 'yarsa Rinske ta yi mura tana da ciki wata takwas, ya kai mata. Ungozoma ta ce kul, abin yana kaiwa ga ɗan da ke ciki. Wiebe ya mayar da kwalba aljihu, ya yanke wa kansa hukunci: matsalar ciki ce, in an sauka lafiya shi ke nan.

Aka haifi Jelle. Kamar kowane gidan haihuwa a ƙasarsu, aka turo mai kula da maijego ta kwana takwas, wata Aukje Dijkstra, wadda tun tana 'yar makaranta take tsayawa bakin gada da kekenta tana yi wa Wiebe tsiwa. Rana ta huɗu 'yan barka suka cika falo, ana raba biskit mai man shanu da ƙwayoyin zaƙi shuɗɗa da farare, kamar yadda al'adarsu take in namiji aka haifa. Rinske tana shayarwa, tari ya sarƙe ta. Wiebe ya miƙe da fara'ar wanda ranarsa ta zo, ya zaro kwalba da ɗan cokalinta na roba.

"Baba, har yanzu tana nan?" in ji Rinske.

"Ina za ta? Ai ciki ya sauka. Buɗe baki."

Aukje ta karɓe kwalbar, ta karanta. "Kodin ne, Malam Wiebe, haɗe da maganin ƙaiƙayi mai sa barci. Abin da uwa ta sha, nono yake bi. Wata jikinta yakan ƙara wa kodin ƙarfi, jariri ya yi nauyin barci, ya kasa tsotso, numfashi ya ja baya. Ɗayan kuma yana iya rage nonon. Ga shi ma ya tsufa, ya kusa shiga makaranta."

"Ke da kika kasa jiran gada minti biyar, yau ke ce likita?"

"Minti ashirin. Hira kake yi da masu jirgi."

Baƙi suka yi dariya. Abin ya sosa ran Wiebe. Ya fizge kwalbarsa, ya ce ruwan zaƙi ne kawai, su zuba ido. Kafin Aukje ta kai hannu ya shanye cokali uku, ya lashe baki, ya zauna ya harɗe ƙafa. Aukje ta zare makullin kekensa daga aljihun kwat ɗinsa don kada ya hau, ta fita ta buga wa likita waya.

Wiebe ya soma labarin wani jirgin Bajamushe da ya maƙale a gada. Jirgin bai kai ga fita ba kan Wiebe ya langaɓe. Biskit ya kife masa a ƙirji. Aka yi hoton dangi da ya kwana huɗu yana jira, har ya goge riga dominsa: kowa ya riƙe Jelle, shi kuwa yana gefe baki buɗe. Aukje tana zuwa jifa-jifa tana ƙirga numfashinsa, kamar yadda likita ya ce.

Ya farka da la'asar, baƙi sun watse.

"Idona kawai na hutar," ya ce.

"Awa uku," in ji Aukje. "Kilo nawa kake?"

"Casa'in."

"Shi kuwa Jelle uku da rabi."

Wiebe ya leƙa gadon jaririn. Ɗan ƙirjin nan, bai kai tafin hannunsa ba, yana hawa yana sauka. Ya daɗe yana kallo. Mutumin da bai taɓa gyangyaɗi a bakin aiki ba, yau cokali uku sun kwantar da shi.

Washegari ya kai kwalbar kantin magani, inda ake karɓar tsofaffin magunguna. Ya tambaya ko za a juye a ba shi kwalbar. Aka ce a'a. Ya fito da ɗan cokalin a aljihu, don wannan ba wanda ya tambaye shi.

Da shi ya auna wa Rinske zuma a ruwan ɗumi da lemon tsami.

"Uwar kaɗai," in ji Aukje. "Shi ba zuma sai ya shekara."

"Na sani," Wiebe ya ce, ko da yake bai sani ba. Ya wanke cokalin, ya share, ya mayar aljihu.