Mun Raka Malam Sale

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar yau, ina tsaka da ɗaura nakatayi zan fita aiki, Usmanu direba ya kira ni ya ce Malam Sale ya rasu bayan sallar Asuba.

Na zauna a bakin gado da takalmi ƙafa ɗaya. Kafin hawaye ya zo, tsoro ne ya riga shi: wa zai raka shi makabarta?

Wanda bai tashi a Nakkasa, unguwarmu a nan Makka, ba ba lallai ya san shi ba. Mutumin Zariya ne, ya koyar da Turanci a can kafin ya zo aikin Hajji ya zauna. Idan lokacin Hajji ya yi, yana dafa shayi a tantunan Arfa. Sauran watannin kuwa, bayan La'asar, sai ya tara mu a saman benen da yake haya ya koya mana Turanci, mu da ko Hausar ma a karye take a bakinmu.

Bai taɓa karɓar ko kwabo ba. Shi ya fara lura ba na ganin allo sosai, ya je har gida ya gaya wa mahaifiyata a kai ni a duba idona.

Littafi ɗaya gare shi. Wani tsohon labari ne na Amurka, bangonsa ya tafi tun kafin a haife ni, an liƙe sauran da salatif. Labarin wani ɗan talaka ne da ya yi kuɗi, ya mallaki katafaren gida, yana tara mutane ci da sha don waɗanda suka gaji arziki su karɓe shi cikinsu. Suka ci, suka sha, ba su karɓe shi ba. Ranar da ya mutu kuwa, kusan ba wanda ya je jana'izarsa.

Mun karanta shi har mun gaji. Malam ba ya bari a tsallake komai. Idan marubucin ya ambaci launin mota ko irin rigar da wani ya sa, sai ya tsayar da mu ya ce me ya sa. Ni a lokacin gani nake neman wahalar da mu kawai yake yi, mota ai mota ce.

Sai da na girma na yi aikin Arfa tare da shi wata shekara na gane. Muna tsaye da butocin shayi, ya nuna mini alhazai da haɓa ya ce, "Kowa ƙyalle biyu fari, ko? To duba abin da ke ɗaure a wuyan hannunsu. Shi zai gaya maka wa zai yini a tanti mai sanyi, wa zai sha rana."

Turancin nan nasa shi ya kai ni aikin risafshan, wurin tarbar baƙi a otal. Shi ya cike mini takardar neman aikin da hannunsa, don rubutuna ba ya karantuwa.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa a nan ba.

Da aka ƙara mini matsayi, Malam ya ji labari, ya taho otal ɗin da ledar dabino don ya yi mini murna. Jallabiyarsa ta koɗe, ƙafarsa duk ƙura. Ina tsaye cikin kwat tare da manaja da wasu manyan baƙi. Mai gadi ya tare shi, ya kalle ni yana tambaya ko na san shi. Na buɗe baki na ce da Larabci ƙila aiki yake nema, a nuna masa ƙofar baya.

Ya ji. Malam Larabcinsa ya fi nawa.

Ya ajiye ledar a hannun mai gadin ya juya. Ni da na karanta littafin nan ya fi sau biyar, na zama ɗaya daga cikin masu ci su goge baki, kuma a gaban wanda ya karantar da ni.

Bayan haka aka rushe layinmu, kowa ya kama gabansa. Wasu Jidda, wasu bayan gari, wasu suka koma gida Najeriya. Na sami dalilin da zan fake da shi, na ce ban san inda ya koma ba. Ƙarya ne, ban tambaya ba ne.

Watan jiya Usmanu, wanda muka yi karatun saman benen tare, ya tsare ni ya ce Malam ba lafiya, kuma in ban je ba kada in ƙara gaishe shi. Na je. Ɗaki ɗaya ne a ƙarshen gari, matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa tana aure a Kaduna.

Na yi sallama na durƙusa. Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Jamilu, ta ƙofar gaba ka shigo ko ta baya?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ni kuwa kuka na fashe da shi. Na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe tun kafin ya kai bakin titi ranar, dabinon ne dai yake fata ban bar wa mai gadi ba.

Ya sa na ɗauko littafin na karanta masa shafukan ƙarshe. Da na gama ya ce wurin nan ne yake hana shi sukuni kwanan nan. Unguwa ta watse, ɗalibai sun zama manya, wa zai zo?

Na yi saurin ce masa ai nan Makka ne, a Harami za a sallace shi, jama'a ba iyaka.

Ya girgiza kai. "Na Harami kowa suke sallata, ɗana, ko sunanka ba su sani ba. Allah Ya saka musu. Ni ina maganar wanda zai kama makara, ya shiga mota, ya bi ni har bakin rami."

Maganar nan ce ta zaunar da ni a bakin gado yau da safe.

Na je wurin manaja, wancan dai na ranar, na ce masa mutumin da na taɓa turawa ƙofar baya ya rasu, malamina ne, kuma tamkar uba yake a wurina, yau ba zan yi aiki ba. Bai tuna da zancen ba ma. Ni ne na ɗauki shekaru ina dakonsa.

Na rubuta sanarwa a tsohon guruf ɗinmu na 'yan layi a waya, wanda ya daɗe ba mai motsi a ciki. Har Azahar mutum huɗu ne suka amsa. Na ce wa Usmanu ko mu biyu ne za mu bi shi, ya ce in daina surutu in je in taya wanka.

Bayan La'asar aka sallace shi a Harami tare da sauran mamata. Muka sunkuya za mu ɗauka, sai na ji kafaɗa ta ture tawa. Na waiga. Fuskokin da rabona da su tun ana rushe gidaje ne. Wani da kayan aikin shara a jikinsa, wani likita ne yanzu, ga dattawan da suka yi shayin Arfa tare da shi, ga ɗaliban ilimi da ban san yana taya su gyara takardu ba. Ba su amsa a waya ba, tahowa kawai suka yi.

Taku goma ban samu na yi da makarar ba aka karɓe.

Bas ɗin Usmanu ta cika har da na tsaye, motoci suka biyo baya har makabarta. A nan dai ban bar wa kowa ba, ni na sauka ramin da kwat ɗina na otal. Ga shi can a rataye duk ƙasa, ban iya kaɗe shi ba tukuna.

Ina kewarsa, amma wallahi yau zuciyata ta yi sauƙi irin wanda na daɗe ban ji ba.

Malam, mun zo. Har bakin ramin muka zo.

Allah Ya jiƙan Malam Sale, Ya yafe masa kamar yadda ya yafe mini, Ya haskaka makwancinsa, Ya shigar da shi Aljanna ta babbar ƙofa. Duk wanda ya karanta wannan, ko ya san shi ko bai san shi ba, don Allah ya ambaci sunansa cikin addu'arsa ta yau.