Mai Surutu a Cikin Kaset

A fadarmu ta Birni, inda muke shan shayi da yamma, ba a musun ƙwallo. Musunmu ɗaya ne: wa ya fi sanin waƙoƙin marigayi mai gurmin nan namu. Ni kam ina ji da kaina, har ranar da wani direba ya kashe mini baki. Ya ce akwai waƙar da marigayin ya yi wa wani manomi a Durum bayan an tashi daga gayya, ba ta taɓa shiga gidan rediyo ba. Kaset ɗaya ne tak, yana hannun matar manomin.

Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Washegari muka hau moto sai Durum, ni da abokina mai gyaran waya da rediyo.

Tsohuwar ta ciro kaset ɗin daga cikin kwalla, naɗe a ɗankwali, amma ta ƙi sakin sa.

"Ku waƙa kuke nema," in ji ta. "Ni maigidana ne a ciki. Tun da ya rasu ban sa ba, kar rediyo ya cinye mini shi."

"Inna, kwafewa kawai za mu yi. Gobe war haka yana hannunki."

Da ƙyar ta ba mu.

A shagon abokina muka juya zaren kaset ɗin da biro, muka kunna. Wayyo gurmi! Muryar ɗanya shar, ba ta tsufansa da muka saba ji ba. Tsigar jikina ta tashi. Sai dai wani ƙato yana ta kutsowa, yana ihu, yana kirarin gonarsa, yana dariya kamar ana yi masa cakulkuli. Maigidan ke nan.

"Wannan mai surutun da kwamfuta zan yanke shi," in ji abokina.

Bai rufe baki ba muka ji mai gurmin ya cafe ihun, ya mayar da shi amshi. Mutumin ya yi ihu, shi ya ɗora baiti, yana wasa shi yana tsokanar sa. In ka cire shi, waƙa ta rushe. Wallahi ban taɓa ƙaunar mawaƙin nan kamar ranar ba.

Waƙar na ƙarewa rediyon ya tauna zaren, ya tsinka shi. Allah ya so mun riga mun kwafe.

Hanyar Durum ba ta taɓa yi mini tsawo haka ba. Na ajiye mata kaset ɗin a tsinke, na faɗa mata yadda aka yi. Sai na kunna ɗan rediyo mai katin memori da muka sayo mata, muka zuba waƙar a ciki. Gurmi ya yi ta tafiya, ko motsi ba ta yi ba. Da ihun ya zo, ta dafe baki.

"Kai, mutumin nan! Ko kunyar baƙi ba ya ji."

Ta share ido da bakin zane.

"Ɗan nan, mayar baya. Ba wajen waƙar ba, wajen surutun."