Ƙibar da Muka Yi wa Inna Barka da Ita

Shekaranjiya ina neman maɓallin riga cikin tsohon gwangwanin madarar da nake tara tarkace, sai hannuna ya faɗa kan zoben Inna. Na azurfa ne, a tsage ta gefe guda, inda maƙeri ya sa zarto ya yanke shi daga yatsarta. Na manta da rigar. Na zauna bakin gado da zoben a tafin hannu, raina yana ɓaci kamar jiya aka yi abin. Ku yi mini uzuri idan kun ji muryata tana hawa. Na daɗe ina haɗiye maganar nan.

A unguwar Marjandafak aka haife ni, a gidan ƙasa mai dogon zaure, inda kana tsakar gida kana jin hayaniyar kasuwa. Babbar gidan ita ce Kaka, mahaifiyar Baba. Iyayenta sun taso daga yamma a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Shari, suka ce bari su yi damina ɗaya su wuce. A garin nan aka binne su. Kaka siririya ce kamar muciya, ga ƙarfi. Ita take daka geronta, ita take zuwa kogi da wanki a ka, ta dawo ta ci tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa da ɗan bandar kifi, ta sha ruwan randa ta yi hamdala. Ban taɓa ganin ta hau mota don zuwa wata unguwa ba.

Inna ma da aka kawo ta gidan siririya ce, kuma haka na buɗe ido na gan ta. Ina tuna yadda take tsallake kwatar ƙofar gida da damina, da ƙanena a goye, da tulu a kai, ko zaninta ba ya taɓa laka.

Ina da shekara bakwai ko takwas aka yi wani suna a maƙwabta. Gida ya cika da mata, ƙamshin turaren wuta ya gauraya da na soyayyen nama. Gwaggo, yayar Baba, ta kama tsintsiyar hannun Inna ta zagaye ta da yatsu biyu, ta ɗaga sama kowa ya gani.

"Wannan ce matar mai shagon atamfa?" ta ce. "Ai sai a ce ƙanena marowaci ne."

Mata suka yi dariya, Inna ma ta taya su. Da muka koma gida na same ta a bayan rumbu tana goge ido da gefen mayafi.

Ba a yi mako ba Gwaggo ta zo da wasu ƙananan ƙwayoyi farare ƙulle a leda, irin waɗanda ake tallar su a faranti a bakin kasuwa. Ta ce a sha ɗaya da safe ɗaya da yamma. Yunwa ta buɗe wa Inna kamar rami. Da safe fangasu mai zafi, wato fanken garin nan, yana ɗigar mai, da shayin da aka zuba wa sukari har ya yi kauri. Da rana shinkafa da taliya suna iyo cikin man gyaɗa. Da la'asar madarar gari a dame da sukari a kwano. A daidai lokacin kasuwa ta yi wa Baba kyau, ya ja famfo cikin gida, aka koma kai niƙa inji, ya ce matarsa ta daina tafiya a ƙasa kamar marar gata. Ko gidan biki mai lungu uku tsakani sai an tare mata tasi.

Cikin shekara biyu wuyan Inna ya ɓace, fuskarta ta zagaye tana ƙyalli. Abin da yake ƙona mini rai har yau shi ne murnar da muka yi. Mata suna shigowa suna cewa mabruk, wato barka, yanzu ta zama matar manya. Abokan Baba suna yi masa kirari a zaure cewa ya iya kiwo, kamar ana maganar saniya. Ni kaina na yi alfahari. Ranar da ta zo makarantarmu ta cika ƙofar aji da lafayarta, na dinga waige don in tabbatar kowa ya san uwata ce.

Mutum ɗaya ce ba ta yi murna ba. Wata rana da bazara, zafin nan da ko ƙadangare ba ya motsi, Inna ta fito daga ɗaki zuwa randa, taku goma bai cika ba, ta dafa bango tana haki. Kaka tana tankaɗe, ta ɗago ta dube ta.

"Yarinyar nan, wannan ba lafiya ba ce. Kumburi ne."

Maganar ta kai kunnen Gwaggo kafin magariba. Aka ce tsohuwa tana baƙin ciki da abin da surukarta take ci. Baba ya roƙi Kaka cikin ladabi ta bar zancen. Ta bari.

Daga nan sai abubuwa suka bi juna. Inna ta koma salla a zaune. Yatsarta ta kumbura ta yi baƙi har aka kira maƙeri ya yanke zoben aurenta, muna tsaye muna kallo. Ƙishirwa ba ta barinta, ta sha kofi uku a jere ta ce a ƙara. Ni ce na fara lura tururuwa suna taruwa inda take zagayawa. A asibiti likita ya ce ciwon sukari ne da hawan jini, ya hana ƙwayoyin, ya ce ta rage ci ta dinga tafiya.

Kuma ta gwada, Allah ya sani ta gwada. Wata huɗu tana shan shayi ba sukari, tana zagaya unguwa bayan asuba. Jikinta ya fara sauka, numfashinta ya dawo. Sai mutanen nan da suka ce mabruk suka sake zuwa. Wata ta tambaya ko kasuwar Baba ce ta karye. Wata ta ce asiri ne. Wata kuma, a gidan makoki, ta janye 'yarta daga kusa da Inna, aka fara raɗa sunan cutar nan da ke busar da mutane. A ranar nan Inna ta dawo gida ta aike ni in sayo mata fangasu cike da leda. Na sayo. Da hannuna na miƙa mata.

Ina ajin ƙarshe na sakandare gawayi ya faɗo daga kaskon turare ya sauka a ƙafarta, ba ta ji ba sai da muka ji ƙauri. Gyambon bai warke ba. Aka yanke yatsun, daga baya aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Kaka, da bayanta ya riga ya ranƙwafa, ita take takawa daga gida har asibiti kowace safiya da kunun gero ba sukari, ta zauna ta ba ta a baki. Ita ce kuma ta yi mata wankan gawa. Inna ba ta kai hamsin ba.

A wurin zaman makoki na ji Gwaggo tana cewa, "Allah ya ji ƙanta, ita kam ta ji daɗi a gidan ƙanena." Na sunkuyar da kai, don an koya mini ba a mayar wa babba magana. Wannan shirun yana cikin abubuwan da ban yafe wa kaina ba.

Yanzu a unguwar Habbena nake da aure. Bara gwiwoyina suka fara ƙara, na hau sikeli a asibiti, likitar ta dube ni ta dubi allurar sikelin. Bencin jira cike yake da irina, maza da mata, da yawansu ƙannena ne a shekaru. Likitar ta ce kowace shekara layin ƙaruwa yake, kuma idan aka ci gaba a haka, 'ya'yanmu za su zo su zauna nan tun ba su yi furfura ba. A garin da wasu ke kwana da yunwa. Mai da sukari da taliya su ne suka fi sauƙin cika ciki, babur yana jira a ƙofar kowa, kuma har gobe idan mace ta cika kujera ce mata ake Allah ya ƙara.

Watan jiya na je unguwar Butalbagar gidan yayata. 'Yarta ta gama jami'a, za ta auri wanda ta zaɓa da kanta. A kan madubinta na ga kwalbar wani ruwan magani mai hoton mace mai manyan kwatangwalo. Uwarta ce ta saya mata, wadda muka riƙe ƙafar Inna tare ana wanke gyambo. Wannan karon ban sunkuyar da kai ba. Na faɗi duk abin da ke bakina a gaban baƙi, har yayata ta ce in fita mata daga gida.

Yarinyar ta biyo ni har bakin titi.

"Anti, dangin mijin ne suke cewa na cika rama. Me zan ce musu?"

Na ce ta ce musu su zo su same ni, ta kwatanta musu gidan da kyau. Bikin bayan salla ne. Yayata ba ta ɗaukar wayata, su kuma ba su zo ba tukuna. Na share zaure, na shimfiɗa tabarma, ina nan ina jiransu.