Yaya Ilyasu da Wayoyinsa na Magazin

Shekara ashirin da uku ke nan da muka kai Yaya Ilyasu makwancinsa. A makon jiya jikata ta nuna mini a kwamfutarta yadda ake rubuta jerin amino asid, cikin 'yan mintuna siffar furotin ta fito tana juyawa. Sai na tashi na shiga ɗaki, don kada ta ga hawayena.

A 1969 Yaya yana jami'a yana karatun kemistiri, ni kuwa ina da shekara goma sha huɗu. Shekarar ce sikila ta kashe ƙanenmu Bello. Mutanen Zango, unguwarmu ta Hausawa mazauna ƙasar waje, suka ce iska ce. Yaya ya zaunar da ni ya ce, "Hadiza, furotin kamar jigida yake, duwatsunsa iri ashirin. A jinin Bello dutse ɗaya tak ya sauya. In mun san jerin, dole lissafi ya gaya mana yadda zai naɗe."

Sai ya riƙa hawa trotro, motar haya, zuwa Magazin, unguwar masu gyaran mota, wani makanike yana lanƙwasa masa waya a siffar furotin, shi kuma yana zura duwatsu yana auna kusurwa.

Ƙarshen shekarar aka ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasar. Baba haifaffen Sakkwato ne, ya hau mota ya tafi. Yaya ya ajiye jami'a ya karɓi rumfar goro don ya ciyar da mu. Mma, mahaifiyarmu, ta yi kuka ta ce karatu ya lalace. Ya ce, "Mma, aji na bari, ban bar tambayar ba." Tsakanin ciniki da ciniki yake lissafinsa a bayan kwali, har furfura ta fito masa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji shi, ko da ba kai ne za ka isa ba.

Bai isa ba. Sunansa ba ya cikin littafin kowa. Da zai ga na'urar yau, na san ba zai tsaya mamaki ba. Zai ce, to, yaushe maganin zai iso Zango?

Shi ya tura ni makaranta da Mma ta so in zauna gida, na koyar da kimiyya shekara talatin. Yanzu gwiwa ta fara ƙi, amma duk gidan da na ji an sa ranar aure, sai na je na ce a gwada jini tukuna. Wasu su saurara, wasu su rufe mini ƙofa. Washegari in koma.