Alhaji Sada da Baƙin Salatif

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Sada direba. Duk wanda ya ci kasuwar Yankara a wancan zamani ya san a-kori-kurarsa, wadda ke kwaso masara daga Sabuwa ta bi ta Faskari har Kankara. Ya tsufa a kan sitiyari bai taɓa take ko kaza ba, kuma a kan gadonsa ya cika. Ina faɗin haka da alfahari, ban kuma damu a ce na cika yabon nawa ba.

Mutum ne mai taurin kai, Allah ya jiƙansa. Motar da ba ta da giyar hannu, motar malalata yake ce mata. Shi ya sa nake yawan tunanin abin da zai ce da ya ga motocin yau: wata ta yi maka tsuwa in ka kusa bugun katanga da baya, wata ta taka birki da kanta, wata ta yi ƙorafi wai ka bar layinka. Na san zai kwashe da dariya ya ce a fara nuna masa layin a hanyar Mabai tukuna.

Amma akwai ɗabi'a ɗaya ta direbobinmu da ya tsana. Idan fitila ta kama a allon gaban direba, ba a tambayar dalili. Sai a yanko baƙin salatif a liƙe ta, shi ke nan an huta. Yaya Sada kuwa in ya shiga motar wani ya ga salatif, da farcensa yake ɓare shi. Yakan ce, "Mota tana yi maka magana, kai kuma ka rufe mata baki?" Abokan aikinsa har suna suka sa masa, Mai Ɓare-ɓare.

Ɗansa Lawal ne ya gaje shi a tuƙi, ko da yake shi malamin asibiti ne, motar gida kawai yake ja. Bara da damina wata 'yar fitila ta kama a motarsa, mai hoton mota da layuka biyu a karkace a bayanta. Bakanike ya ce ba komai ba ne, mota tana tafiya, birki yana ci, ya ma ɗauko salatif. Lawal ya ce a'a. Ni da kaina na ce masa ya bar wahalar da kansa, sai ya ce, "Baffa, da Baba shina da rai, mi za ni ce mashi?" Ya tafi har Funtuwa, aka gano wata ƙaramar na'ura ce a jikin taya ta mutu, aka canza ta.

A nan na san aikin abin. Direba fedar birki ɗaya gare shi, in ya taka birki duk tayoyin yake kamawa. Ita kuwa babbar na'urar da ƙaramar ke yi wa aiki tana lura da inda ka juya sitiyari da inda motar ta nufa. Da zarar ta ji bayan mota ya fara zamewa, sai ta kama taya ɗaya kaɗai, ta rage wa inji ƙarfi, motar ta miƙe. Ba ta gyara sulɓaɓɓiyar taya, ba ta kuma maganin gudun ganganci. Amma in fitilar nan ta tsaya a kunne, to na'urar ba ta aiki, ko ka liƙe ko ba ka liƙe ba.

Kafin damina ta fita, Lawal ya ɗauko mahaifiyarsa, Hajiya Rabi, da matarsa da jaririyarsu daga suna a Yargoje. An ɗauke ruwa ke nan, kwalta na santsi. Suna shan kwana sai ga shanu sun cika hanya. Ya kauce da ƙarfi, bayan motar ya fara juyawa wajen rami. Ya ce ya ji ta yi wani gurnani a ƙasa, fitilar ta yi ƙyaf-ƙyaf, motar ta dawo kan titi kamar an riƙo ta da hannu. Duk iyalin yayana suna cikin motar nan.

Da suka tsaya, Hajiya ta gama salatinta, ta tambaya, "Lawal, wa ya kama motar?"

Ya ce, "Allah ne, Inna, sai kuma na'urar."

Yaya Sada bai bar gidaje ba, a-kori-kurar ma ta daɗe da zama ƙarfen gwangwan. Bai taɓa ganin wannan na'ura ba, da ya gan ta ma na tabbata sai ya yi mata tsiya. Abin da ya bari shi ne ɗa wanda ba ya iya ganin fitila ta kama ya kau da kai. Hajiya ta fi ni iya faɗinsa. Da Lawal ya gama yi mata bayanin na'urar, ta dubi jikarta da ke barci, sannan ta ce, "To wa ya hana a rufe mata baki? Allah ya jiƙan Alhaji."