Sigarin Lantarkin da Na Haɗa wa Maigidana

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, uwar 'ya'ya uku, ina zaune a Kafin Maiyaki. A lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru, babu abin da nake taƙama da shi kamar aikin hannuna. Kafin aure na yi makarantar koyon sana'a a ɓangaren lantarki, mu biyu ne mata a ajin, kuma ina tarewa na buɗe gyaran waya a cikin ɗakina. Matan unguwa ba sa son miƙa wayoyinsu ga maza a kasuwa saboda hotunan da ke ciki, don haka aiki bai taɓa yanke mini ba. Har daga Bebeji ake aiko mini da waya, da tocila, da fitilar sola, da rediyon tsofaffi. Yabon ya shiga kaina sosai. Na kai matsayin da idan abu ya ƙi gyaruwa a hannuna, sai in ce abin ne ba shi da kyau, ba na taɓa zargin kaina.

Maigidana direban motar haya ne, yana ɗaukar fasinja daga Kano zuwa Tudun Wada, wani lokacin har Doguwa. Mutumin kirki ne, amma tun yana saurayi a tasha ya koyi shan sigari. Mahaifinsa, wanda duk muke kira Baba Malam, shi ne limamin unguwarmu kuma yana da ɗalibai manya, gida ɗaya muke da shi. Saboda haka shan sigarin nan sirri ne tsakanina da mijina. Kafin ya shigo gida sai ya tauna kanumfari, ni kuma in wanke rigunansa daban. Duk azumi sai ya ce ya daina, bayan sallah da sati guda ya koma. Tarin da yake yi da safe shi ne ya fi tsorata ni.

Wata rana wata mata ta kawo mini sigarin lantarki na ƙaninta, irin wanda samari ke kira shishar aljihu, wai ya daina caji. Da na buɗe sai na ga ba wani abin mamaki ba ne: batir ne, da wani ɗan siririn ƙarfe da aka nannaɗe, shi ake kira kwayil, da auduga mai jan ruwan, sai ƙaramin fanel da ke sarrafa wutar. Na ji ana cewa wasu sun rabu da sigari ta wannan hanyar, ban tsaya tambayar wani likita ba. Na shafe makonni ina kallon bidiyon masu haɗa irinsa da kansu, na aika aka sayo mini fanel da kwayil daga Kano. Batir kuwa na ciro daga wata tsohuwar kwamfuta. Dabarar da na fi jin daɗinta ita ce gidan da na zuba kayan a ciki. Wani tsohon fawabankin maigidana ne da ya lalace, na kwashe cikinsa, na huda wajen bakin zuƙa wanda ake cirewa a ɓoye. Duk wanda ya gani zai ɗauka abin cajin waya ne, har Baba Malam. A bayan fawabankin akwai takardar shagon da aka saye shi a kasuwarmu, mai ɗauke da sunan shagon. Da gangan na bar ta a wurin don abin ya ƙara kama da gaskiya.

Fanel ɗin da na saya mai kula da zafi ne. Aikinsa shi ne ya lura da yadda kwayil ke ɗaukar zafi, idan ya kai inda aka sa masa iyaka sai ya rage wuta ko ya yanke ta, don kada audugar ta ƙone. A nan wahalata ta fara. Yau abin ya yi lafiya, gobe da zarar an danna sai ya rubuta gargaɗi ya ɗauke. Idan na ɗaga iyakar zafin, sai audugar ta babbake, maigidana ya yi ta ƙwarewa yana cewa kamar ya zuƙi hayaƙin tsumma. Na canja kwayil ya fi sau goma, na canja auduga, na sake liƙa wayoyin da dalma. Lokacin bazara ne, ɗakin kwano, ina zaune gumi na zuba a kan tebur, abin yana ta rubuta mini gargaɗin nan. Rannan maigidana ya dawo na ji warin sigari a rigarsa. Ya ce in yi haƙuri, na'urar tawa ta yanke masa sau uku a hanya, shi kuma kansa na sarawa. Bai faɗa da faɗa ba, amma ni sai na ji kamar ya ce ban iya ba.

Washegari na yanke hukuncin cewa fanel ɗin jabu ne. Na cire shi gaba ɗaya, na haɗa batir da kwayil kai tsaye ta wani ɗan maɓalli. Na san abin da na cire. An koya mana a makaranta cewa irin wannan batir ba a barinsa ba tare da kariya ba. Na kuma ga ledar da ke jikin ɗaya daga cikin batiran ta ɗan yage a baki, na naɗe ta da salatif na ce ya wadatar. Da maigidana ya gwada hayaƙi ya fito sosai, ya yi murna, ya sa mini albarka. Kwana tara bai taɓa sigari ba, ni kuma ina ta jin kaina.

A rana ta goma, da hantsi, yana cikin dajin Falgore da fasinja cike da mota za shi Doguwa, abin yana aljihun wandonsa tare da makullai. Daga baya ya ce mini ya fara jin ɗumi a cinya, kafin ya kai hannu sai wani irin huci, wuta ta kama wandon. Allah ya ba shi ƙarfin zuciya bai saki sitiyari ba. Ya taka birki, motar ta gangara gefen titi ta daki wani tudu ta tsaya. Babu wanda ya rasu. Wata dattijuwa da ke zaune a gaba ta karye a hannu, sauran kuwa ƙujewa ce. Wani makiyayi da ke kusa ne ya yaye rawaninsa ya kashe wutar, ya ɗora shi a babur ya kai shi asibiti a Tudun Wada. Har yau ba mu san ko wane ne ba, amma ba na yin sallah ban yi masa addu'a ba.

Da na isa asibitin na ga yadda cinyarsa ta ƙone. Ma'aikaciyar jinya ta tambayi abin da ya ƙone shi, ga Baba Malam a tsaye, ga ƙannensa biyu. Ya dube ni sau ɗaya, sannan ya ce fawabanki ne ya fashe. Ya rufa mini asiri, ya rufa wa kansa. Ni kuma na bar maganar a haka.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, wani daga cikin fasinjojin ya tsinci ragowar abin ya ba ƙannen mijina, kuma takardar shagon ba ta gama ƙonewa ba. Ranar kasuwa suka je suka tsaya a ƙofar mai shagon suna nuna wa jama'a, suna cewa yana sayar da kayan da ke kashe mutane, za su kai shi ga hukuma. Magana ta zaga gari. Mutane suka riƙa mayar masa da caja da batir, shagonsa ya koma babu mai shiga. Duk ina ji, ina dafa abincin asibiti, ina ce wa kaina zancen zai wuce.

A rana ta goma sha biyu da fara wannan zancen, matar mai shagon ta yi sallama a ɗakina. Tana cikin masu kawo mini gyara, mun saba. Ta zo da kwanon farfesun kaza, ta durƙusa a gabana tana kuka, ta ce mijinta ya aiko ta ba ni haƙuri. Ta ce ya daina cin abinci, yana ta cewa da direban nan ya mutu da fasinjojinsa, da me zai gaya wa Allah. Na karɓi kwanon, na ce mata babu komai. Wannan kalmar da na faɗa ta fi cire fanel ɗin muni, kuma tana fita na san haka.

Da aka idar da la'asar na je wurin Inna, surukata, na roƙe ta ta raka ni zauren Baba Malam. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa yi masa magana fiye da gaisuwa ba. Na durƙusa daga bakin ƙofa na faɗi komai, tun daga sigarin har zuwa salatif ɗin. Na zaci zai ce in tafi gidanmu. Ya ajiye carbinsa. Sannan ya ce zancen sigarin ya san shi tun kafin a aure ni, yana yin shiru ne don kada ɗansa ya daina jin kunyarsa, yana dai yi masa addu'a. Ya ce niyyata ta raba ɗansa da taba mai kyau ce, Allah ya ba ni ladanta. Daga nan ya ɗago ya ce, "Amma 'yata, kwana goma sha biyu wani bawan Allah yana ɗauke da kayanki. Wannan ba ni ne zan yafe miki ba."

Washegari da safe ya sa babbar riga ya tafi kasuwa a ƙafa, ya sa ƙannen mijina a gaba. A ƙofar shagon, gaban mutane, ya ce abin da ya ƙone ɗansa a gidansa aka haɗa shi, babu hannun mai shago ko kaɗan, ya kuma nemi gafararsa a madadin iyalinsa. Dattijo mai jan sallar mutane ya ɗauki kunyar da ni ya kamata ta hau. Da yamma ni da Inna muka je gidan mai shagon. Mutumin ya ce ya yafe, sauƙin da ya samu ma ya fi ƙarfin fushi. Abu ɗaya ya roƙa, in aiko masa da fanel ɗin da na cire. Bayan kwana biyu matarsa ta dawo mini da shi da saƙo: fanel lafiyarsa ƙalau. Daga bayanin da na yi masa da abin da ya gwada, sukurun da ke riƙe kwayil ne ba ya zama daram, shi ya sa awon yake tsalle. Kuma ina yawan saita shi alhali kwayil ɗin bai huce ba, ga zafin ɗaki, sai lissafin zafin ya karkace tun daga tushe. Wato duk gargaɗin da yake rubuta mini gaskiya yake faɗa.

Baba Malam ya kuma tura mu Doguwa duba dattijuwar da ta karye. Na gaya mata gaskiya da bakina. Ta ce ita ba ta gane wannan na'ura ba, amma ta gane mace mai son mijinta, kada dai in sake. Ta cika mana buhu da masara da hannunta mai lafiya, ta rantse sai mun tafi da ita.

Maigidana ya yi kusan wata biyu kafin ya koma tuƙi, kuma har yanzu idan ya daɗe a zaune fatar wurin tana ɗaure masa. Zaman asibitin ya raba shi da sigari. Ya ɗan koma sau ɗaya, ya sake bari, yanzu shekara ta uku ke nan. Bai taɓa goranta mini ba. Ni ma ina nan ina gyaran waya, amma na daina taɓa duk abin da mutum zai zuƙa a huhunsa ko ya sa a aljihu da batir marar kariya.

Na rubuto ne don 'yan'uwana masu aikin hannu, musamman samarin da na ji suna haɗa irin wannan abu daga bidiyo. Idan na'ura ta yanke wuta da kanta, ku nemi dalili, kada ku cire abin da ke yankewar. Tsohon batir mai yagaggiyar leda ba abin sa wa mutum a jiki ba ne. Mai son barin taba ya je asibiti a ba shi shawara, kada ya zama abin gwajin wani, ko da matarsa ce. Idan kuma kuskurenku ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba, ku yi magana a ranar farko. Ni an yafe mini ta ko'ina, fiye da yadda na cancanta, kuma na gode wa Allah da ya haɗa ni da irin waɗannan mutane. Amma kwana goma sha biyun da mutumin nan ya yi yana zaton ya kusa kashe rayuka, ba ni da yadda zan mayar masa da su.